Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'in Arewa Kan Digirin Kimiyyar Bayanai

Zuwa ga shugabannin jami'o'in Arewacin Nijeriya da majalisun malamansu,
tare da kwafi ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da jinjina kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan jama'a a wannan yanayi na tsadar rayuwa, na rubuto ne game da sabon kwas ɗin nan da ya fara bayyana cikin jerin abin da jami'o'i ke tallatawa, wato digirin farko a fannin kimiyyar bayanai, ilmin tattara alƙaluma da tace su da ciro ma'ana daga cikinsu da taimakon kwamfuta. Ni ba malamin jami'a ba ne. Aikina tattara alƙaluman kiwon lafiya da tace su, kuma ɗalibanku kan zo hannuna idan an tura su koyon aiki, wasu kuma bayan sun gama bautar ƙasa suna neman gurbi. Saboda haka ku ɗauki maganata a matsayin ta wanda ke karɓar yaran da kuka yaye.

Roƙona guda ne: kada a buɗe wannan kwas da suna kawai. Duk jami'ar da za ta miƙa wa yaro takardar da ke cewa ya ƙware a kimiyyar bayanai, ta tabbata ya yi shekarunsa huɗu hannunsa na cikin bayanai na gaskiya, na ƙasar nan, da dauɗarsu da giɓinsu, kuma yana da lissafin da zai sa ya gane idan alƙaluma suna yi masa ƙarya.

Kun fi ni sanin yadda aka zo nan. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin manhajar karatu da ake kira CCMAS, wanda ya maye gurbin BMAS da aka yi aiki da shi tun 2007. A sabon tsarin an ware ilmin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, aka jera kimiyyar bayanai a ƙarƙashinsa tare da tsaron intanet da injiniyancin manhajojin kwamfuta da sauransu. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi talatin ɗin shi ya sa na rubuto muku kai tsaye, domin a nan ne za a ga bambancin jami'ar da ta zauna ta yi tunani da wadda ta kwafo daga maƙwabciyarta.

Na san jarabar da ke gabanku. Kwas ne mai farin jini, iyaye na jin labarinsa a rediyo da wayoyinsu, jami'a kuma na neman kuɗin shiga ido rufe. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko malaman sashen kwamfuta da dama can aiki ya yi musu yawa, a ɗauko ɗakin kwamfutar da ake da shi, a sauya wa darussa uku ko huɗu suna, a buga sanarwar ɗaukar ɗalibai. Babu wanda zai yi ƙorafi a shekarar farko, haka ma a ta biyu. Sai bayan shekara biyar, lokacin da yaron ya zauna gaban mai ɗaukar aiki aka buɗe masa fayil, sannan asiri zai tonu, kuma a kansa zai tonu, shi kaɗai, bayan mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya biya masa kuɗin makaranta.

Bari in fara da lissafi, domin nan ne na fi ganin rauni. Yawancin matasan da ke zuwa mini sun iya kiran sunayen dabaru na zamani, sun san umarnin da za su rubuta a Python, harshen ba kwamfuta umarni, na'ura ta zana musu jadawali mai launi. Amma idan ka tambaye su wa aka tambaya kafin a samu waɗannan lambobi, kuma wa aka bari ba a tambaya ba, sai a yi shiru. Wannan tambaya ita ce ginshiƙin sana'ar baki ɗaya. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta tattara ra'ayin mutane sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Franklin Roosevelt ya lashe zaɓen da gagarumin rinjaye. Mujallar ta samo sunayen da ta aika wa takardu ne daga kundin masu tarho da masu mota da makamantansu, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga damar mayar da amsa ba su wakilci sauran jama'a ba. Yawan amsoshin bai cece ta ba. Yau a nan gida ana maimaita wannan kuskure kullum: a jefa tambaya a Facebook ko WhatsApp, mutum dubu goma su amsa, a ce wannan ne ra'ayin 'yan Arewa, alhali matar da ke ƙauye ba ta da waya mai intanet, kuma ita da irinta su ne mafi yawa.

Ga wani misali na kusa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. Da ta fitar da alƙaluman farkon 2023, sai aka ga kashi 4.1. Ba a samar wa miliyoyin mutane aiki a tsakani ba. Ma'anar "mai aiki" aka sauya: a da sai mutum ya yi aikin aƙalla awa 20 a mako kafin a cire shi daga jerin marasa aiki, a sabon tsarin kuwa, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya a mako ta isa. Ɗalibin da bai karanci ƙididdiga ba zai ɗora lambobin biyu kan layi guda ya rubuta cewa an samu gagarumin ci gaba, ko kuma ya ce hukumar ta yi ƙarya. Duka biyun kuskure ne. Wanda aka koyar da kyau zai nemi takardar da ta bayyana yadda aka yi ƙidayar kafin ya buɗe baki.

Don haka ina roƙonku kada a rage lissafi don kwas ɗin ya yi wa masu nema sauƙi. Kalkulas da aljabarar matris da lissafin yiwuwa da dabarun ɗaukar samfuri su zama tilas, a shekara ta ɗaya da ta biyu, daga bakin malaman da suka ƙware a kansu. Na san yaranmu da yawa suna fitowa sakandare da tsoron lissafi, wasu kuma da sakamakon da bai yi daidai da abin da ke kansu ba. Maganin wannan shi ne darasin share fage da ƙarin awoyin bita a ƙananan rukunoni. Idan aka runtse ido aka tura su gaba, zalunci ne da zai bayyana daga baya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato rikicin sassa. Tsarin ya ajiye kimiyyar bayanai a tsangayar kwamfuta, sashen ƙididdiga kuma yana can tsangayar kimiyya, wani lokaci ma a wata harabar daban. Kowane sashe yana kishin gurabensa da kasonsa. Idan kuka bar abin haka, za a yaye masu rubuta umarnin kwamfuta da ba su san ƙididdiga ba, a ɗaya gefen kuma masana ƙididdiga da ba su iya sarrafa babban fayil ba. A Jami'ar California da ke Berkeley, darasin share fagen kimiyyar bayanai da suka fara a 2015 malaman ƙididdiga da na kwamfuta ne suka haɗu suka gina shi, aka buɗe shi ga ɗaliban kowane fanni, sai bayan 'yan shekaru aka mayar da abin cikakken digiri. Wannan haɗin ba ya buƙatar dala ko ɗaya. Yana buƙatar shugaban jami'a ya zaunar da shugabannin sassan biyu ya ce musu kwas ɗin nasu ne tare, kuma majalisar malamai ta rubuta hakan a ƙa'ida.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi karkata. Kusan duk ɗalibin da na tambaya me ya taɓa aiki a kai, amsar ɗaya ce: jerin fasinjojin jirgin ruwan Titanic da ya nutse a 1912, ko awon furanni, ko farashin gidaje a wani birnin Amurka. Waɗannan fayiloli ne da aka riga aka wanke aka goge don koyarwa, giɓin da ya rage a cikinsu bai taka kara ya karya ba. Suna da amfani a makon farko. Amma aikin da ke jiran yaran nan daban ne, kuma ina so ku gan shi yadda nake ganinsa.

Ku shiga ƙaramin asibitin karkara ranar rigakafi. Ma'aikaciya guda ce a kan tebur, mata sun cika benci da goyo, wasu na tsaye a inuwar darbejiya. Tana ɗiga maganin, tana yin allura, tana cike katin yaro, tana kuma ja ɗan layi a takardar ƙirge. Babban rajistan yana gefe, bangonsa ya yage, an ɗaure shi da roba. Idan ta tambayi uwa shekarunta, sai ta ce "zan kai talatin," a rubuta 30. Shi ya sa idan ka zana shekarun mata daga irin wannan rajista za ka ga sun taru a kan 25 da 30 da 35, tsakaninsu kuma wayam. Ranar haihuwa da ba a sani ba sai a sa 1 ga Janairu. Yaro ɗaya ya zo sau uku: ranar farko an rubuta Muhammad, ta biyu Mohammed, ta uku Mamman, sunan unguwar ma kowane lokaci da yadda aka rubuta shi. Ƙarshen wata ma'aikaciyar ta haɗa jimilla a fom, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙera wadda ma'aikatun lafiyarmu ke amfani da ita. A wani gurbin an bar fili. Shin babu wanda ya zo ne, ko maganin ne ya ƙare, ko ma'aikaciyar ce ta tafi haihuwa ba a samu mai cike fom ba? Na'ura ba za ta gaya maka ba. Idan ka mayar da filin sifili, ka yi wa asibitin ƙazafi; idan ka share layin, ka ɓoye matsala.

Daga nan sai ka raba yawan yaran da aka yi wa allura da yawan yaran da ake zaton suna yankin, ka ga wata ƙaramar hukuma ta yi wa kashi ɗari da wani abu cikin ɗari rigakafi. Sabon shiga zai yi murna ko ya ruɗe. Wanda ya san ƙasa zai tuna cewa rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta. Duk adadin da muke rabawa da shi hasashe ne da aka ɗora kan wancan tsohon lissafi. A tsakani garuruwa sun faɗaɗa, rashin tsaro ya kwashe ƙauyuka sukutum ya zuba su a wasu wurare. Irin wannan sani ba ya cikin kowane darasin intanet da aka shirya a ƙasar waje. Jami'o'inku ne kaɗai za su iya koyar da shi.

Haka abin yake a kasuwa. Ku tura ɗalibi Dawanau ya tattara farashin gero na wata uku, ku tura wani Maigatari ko Illela. Za su dawo da lambobin da ba sa haɗuwa, domin wannan da kwano ya auna, wancan da tiya, wani da mudu, buhun ma ba nauyinsa ɗaya ba, ga farashin safe daban da na yamma, ga na dillali daban da na mai kaya. Ranar da ɗalibi ya zauna ya warware wannan da kansa, ya samo sikeli ya auna kwanon kowace kasuwa, ya rubuta yadda ya daidaita su, ranar ya fara zama masanin bayanai. Kuma kada a ɗauka irin wannan tsautsayi na ƙasashe matalauta ne kawai. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar Ingila ta yi ɓatan sakamakon mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona, saboda an zuba bayanan a tsohon samfurin fayil na Excel da layukansa ke da iyaka, waɗanda suka haura iyakar suka zube ba wanda ya lura. Kula da irin waɗannan ƙananan abubuwa shi ne mafi yawan aikin.

Za ku ce ina za a samo bayanan? Ranku ya daɗe, da yawansu suna cikin harabarku. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da tarihinta ya faro tun shekarun 1920, tana da NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma, da ke zagaya jihohi tana duba yadda damina ta kasance kowace shekara. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. Akwai asibitocin koyarwa a Shika da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na da alƙaluman ruwan sama na shekaru aru-aru kuma tana fitar da hasashen damina duk shekara. Binciken lafiya da yawan jama'a na NDHS ana ba masu nazari bayanansa kyauta idan sun nema. Rahoton NBS na 2022 da ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kusan kashi 65 cikin 100 nasu suna Arewa, ya isa aji guda ya shekara yana tonawa jiha bayan jiha. Ofishin magatakardan kowace jami'a ma yana zaune kan bayanan dubban ɗalibai: su wa ke barin karatu, a wace shekara, daga wane sashe, mata ko maza. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce, da sa hannun shugaban jami'a, domin malami ƙarami ba zai iya buɗe waɗannan ƙofofi da kansa ba.

Kuma mun riga mun ga abin da wannan ilmi ke yi a ƙasarmu. Lokacin yaƙi da shan-inna, an gano cewa taswirorin hannu da masu rigakafi ke bi sun tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka da dama. Da aka zana sababbi daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba tawagogi wayoyin da ke nuna inda suka taka, sai giɓin ya fito fili. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da babban ofishi a Kano na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Shan-inna ta ƙarshe ta ainihin nau'in cutar an gan ta a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Wannan labari ya cancanci zama darasi guda a cikin kashi talatin ɗin nan naku, daga bakin waɗanda suka yi aikin, tun suna nan kusa.

Da zarar an buɗe wa ɗalibai bayanan mutane, maganar amana ta shigo. Tun watan Yuni na 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Ɗalibi ya san dokar, ya iya cire sunaye da lambobin waya da duk abin da zai sa a gane mutum kafin ya taɓa fayil. Amma abin ya wuce doka. A ƙauye mai gida ɗari, idan ka ce mace mai shekara 19 da ta haifi tagwaye tana ɗauke da wata cuta, ka faɗi sunanta ko ba ka rubuta shi ba. Sannan ya san cewa lissafinsa na iya cutar da wanda bai taɓa gani ba. A 2020, da korona ta hana jarrabawa a Ingila, an yi amfani da wani tsarin lissafi wajen ba ɗaliban ƙarshen sakandare maki, aka rage wa kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon da malamai suka ƙiyasta, kuma abin ya fi taɓa 'ya'yan makarantun da ba su da tarihin cin jarrabawa. Sai da ɗalibai suka fito titi gwamnati ta janye. Gobe yaranku ne za a ba aikin tantance wa zai samu tallafin taki, wa zai samu rance, wa za a saka a rajistar masu ƙaramin ƙarfi. Wannan darasi kada a bar shi a matsayin na cike gurbi da ake karantawa daren jarrabawa.

Ba zan wuce ban ambaci harshe ba. Mutanen da ɗalibanku za su yi wa aiki da Hausa da Fulfulde da Kanuri da Nupe da Tibi suke magana, kuma na'urorin ƙirƙirarriyar basira har yanzu suna tuntuɓe a waɗannan harsuna saboda ƙarancin rubutun da aka tara musu. Matasanmu a ƙungiyar HausaNLP da ta Masakhane sun nuna ana iya yin aikin daga nan; tarin bayanan NaijaSenti da aka fitar a 2022, na saƙonnin Twitter cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da Fijin, da hannun malamai daga Jami'ar Bayero a ciki. Ga rubuce-rubucen ajami a Gidan Arewa da ke Kaduna, ga tsofaffin kaset-kaset a gidajen rediyo suna lalacewa. Ko daidaita ƙ da ɗ da ɓ a rumbun sunaye aiki ne da zai ishi ɗalibi furojet na kammalawa. Sashen harsunan Nijeriya yana nan kusa da ku. A gayyato shi.

Maganar malamai gajeriya ce amma mai nauyi. Wanda bai taɓa yin aikin ba ba zai koyar da shi ba. Ku nemo kuɗin horar da malamai ku tura matasan malamai inda za su koya, irin cibiyoyin nazarin lissafi na AIMS da ke Ghana da Ruwanda. Ku buɗe ƙofa ga masu aikin a bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin lafiya su riƙa ɗaukar darasi ko da ba su da digirin digirgir. Arewa Data Science Academy da Data Science Nigeria sun daɗe suna horar da matasa, ku jawo su jiki. In malamai uku kuke da su, ku ɗauki ɗalibai arba'in, kada ku ɗauki ɗari huɗu.

Sai kayan aiki. Na sha haɗuwa da yaron da ya gama digiri a fannin kwamfuta, amma duk jarrabawar rubuta umarnin kwamfuta da ya yi a takarda ya yi ta da biro. Ya haddace, ya zuba, ya ci, bai taɓa ganin na'ura ta ƙi karɓar abin da ya rubuta ba, balle ya koyi neman inda kuskuren yake. Ba a koyon tuƙi a kan allo. Python da R kyauta ne, ba sai an sayi lasisi ba. Abin da ake buƙata wuta ce, da intanet, da kwamfutar da ɗalibi zai zauna a gabanta awoyi da yawa a mako. Rancen NELFUND yana biyan kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa na wata, amma kwamfutar tafi-da-gidanka a yau ta fi ƙarfin iyaye da yawa. Idan jami'a ba ta tanadi ɗakin da ke da sola, buɗe har dare, to ta mayar da kwas ɗin na 'ya'yan masu hali ko ba ta yi niyya ba. A kuma tuna da ɗalibai mata, musamman matan aure da waɗanda ke zuwa daga gida, da ba za su iya zaman dare a makaranta ba. A ware musu lokutan rana, a samar da kwamfutocin aro.

Watannin koyon aiki na SIWES ma a daina sakin yaro da wasiƙa ya je ya nemo wa kansa wuri. Yawancinsu suna ƙarewa a ofishin da za a aike su sayo abinci da buga takardu, ƙarshen wata a sa musu hannu a littafi. Sashe ya ƙulla alaƙa da wuraren da ke da bayanai da kuma mai sa ido, ya san tambayar da kowane ɗalibi zai je ya amsa, malami kuma ya je ya gani da idonsa.

Wasu malamai da nake girmamawa suna ganin bai kamata a yi wannan fanni a digirin farko ba. A bar yaro ya yi lissafi ko ƙididdiga ko kwamfuta, ya ɗora kimiyyar bayanai a digiri na biyu. Maganarsu tana da nauyi, kuma in za a yi kwas ɗin a gurguje ne, ina bayansu. Sai dai yaranmu kaɗan ne ke samun halin komawa digiri na biyu, don haka abin da aka ba su a na farko shi ne guzurinsu. Kuma tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, rubuta ɗan gajeren umarnin kwamfuta ya zama abin da na'ura ke yi cikin daƙiƙa. Shirin gwamnati na horar da matasa fasahar zamani, 3MTT, da aka fara a 2023 da ire-irensa suna koyar da amfani da kayan aiki cikin 'yan watanni. Idan abin da digirinku zai bayar bai wuce wannan ba, me ya sa yaro zai kashe shekara huɗu, ko biyar in an samu yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022? Abin da jami'a za ta bayar da na'ura ba ta da shi shi ne sanin tambayar da ta dace, da gane amsar da ba ta da tushe, da iya tsayawa gaban kwamishina ko hakimi ko shugaban ƙungiyar manoma a bayyana masa sakamako da harshen da zai fahimta, har da faɗin inda ba a da tabbas. A koya musu rubutu da magana, da Turanci da harshen gida. A kuma daina yi wa iyaye alƙawarin albashin dala a takardun talla. Kaɗan ne za su samu haka, sauran a ma'aikatun jihohi da asibitoci da bankuna da kamfanonin gida za su yi aiki, kuma nan ne aka fi buƙatarsu.

Ga jami'an NUC da za su karanta wannan kwafi: kowa ya san yadda ake shirya wa tawagar tantancewa a wurare da dama, a share ɗaki, a jera kwamfutocin aro, a gayyato malaman haya na kwana uku. Ƙirga kujeru ba zai nuna muku komai ba a wannan fanni. Ku zaɓi ɗaliban aji huɗu guda biyar da kanku daga rajista, ku ba su fayil na gaske da ba su taɓa gani ba, ku ba su awa uku da kwamfuta, ku zauna ku saurari abin da za su ce a kansa. Ku nemi ganin yarjejeniyoyin samun bayanai, ku tambayi malaman ƙididdiga nawa ke shiga ajin.

Ku kuma shugabanninmu, kafin a buɗe ɗaukar ɗalibai na zango mai zuwa, ina roƙon a kawo wannan magana gaban majalisar malamai. Jami'ar da ta ga ba ta shirya ba ta dakata da digirin, ta fara da darasi guda na share fage da malaman ƙididdiga da na kwamfuta za su koyar tare, a buɗe shi ga ɗaliban noma da likitanci da tattalin arziki da aikin jarida, a gina shi kan alƙaluman jihar da jami'ar take. Bayan shekara biyu za ta san malaman da take da su, da yawan ɗaliban da ɗakin kwamfutarta zai iya ɗauka, sannan ta nemi izinin buɗe cikakken kwas. Waɗanda kuma suka riga suka ɗauki ɗalibai, rukunin farko bai fita ba tukuna a wurare da yawa, akwai sauran lokacin gyara musu aji uku da aji huɗu.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin tattara alƙaluman lafiya,
Kano.